GUMIN KAN BENCI (Shafi na 19)

Masu turo min saƙo tun asuba wai na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wayata ce ta sha ruwa a bokitin wanki. Masu zagin Dogo kuma ku ɗan sassauta, ba ku san wutar da ke cin bawan Allahn nan ba. To, bismillah.

*

Dogo na kwance a kan bencin ɗaga ƙarfe ya ji sallamar. Bai juya ba. Muryar nan ko a tsakiyar kasuwa ya ji ta zai gane ta.

"Salamu alaikum, 'yan'uwa. Koci, ina kwana? Ya gajiyar jiya?"

Mai Tabarau ne. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmin waje, ya sa na ciki, farin tawul a kafaɗa. Masu gudu a kan inji suka ɗaga masa hannu. Na kan keke suka amsa har da dariya, kamar wanda ya shigo musu da albishir.

Duk gidan motsa jikin nan mutum biyu ne suka san matsayinsa a wajen Dogo, daga Dogon sai amininsa Tela. Mai Tabarau ne ya auri matar da Dogo ya yi wa saki cikin fushi, ya zauna yana jiran a zo a ba shi haƙuri har idda ta cika. Shi ne kuma yake kwana gida ɗaya da 'yar Dogo, yarinyar da rabon Dogo da ganinta tun ranar da ya hango ta a wuyan mutumin nan tana ƙyalƙyala dariya, ya juya kan babur ɗinsa ko sallama bai yi ba.

Koci ya ce, "Mai kemis, yau ka makara."

"Wallahi Mamana ce ta riƙe ni. Wai sai na ɗaure mata igiyar takalmi. In na ɗaure ta kwance, in na ɗaure ta kwance, tana min dariya."

Ƙarfen da ke hannun Dogo ya sauka a kan maƙalarsa da ƙara, gwaram!

Mamana.

Sunan mahaifiyar Dogo yarinyar ta ci. Shi ya fara kiranta da haka tun tana cikin zanen goyo. Yau ga wani ƙato yana faɗa a bainar jama'a, bakinsa ko nauyi bai yi ba.

Tela, wanda ke gefe yana fama da tumbinsa a kan tabarmar roba, ya matso ya rage murya.

"Mutumina, ka sassauta fuskar nan. An ce kishi kumallon mata ne, to kai naka har ya fi na masu ciki."

"Tela, ka fita idona."

"Na fita. Amma dai ka san bawan Allahn nan bai san ko kai wane ne ba."

"Shi ya sa yake numfashi."

Dogo ya tashi zaune a kan bencin, ya jawo wayarsa ya hau latse-latse. Ya san ranar Asabar da benci Mai Tabarau yake farawa. Bencin kuma guda ɗaya ne mai kyau, ɗayan ƙafarsa na rawa.

Ai kuwa sai ga shi ya ƙaraso, ya ɗan tsaya nesa kaɗan.

"Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Da saura ne?"

Dogo ya ci gaba da latsa wayarsa.

"Ko mu yi karɓa-karɓa? In kana hutawa in yi nawa, in na sauka ka hau."

Dogo bai ɗago ba ya ce, "Ban gama ba."

"Ba komai. A gama lafiya."

Ya wuce abinsa. Ya je ya kama wa Tela ƙafafu yana ƙirga masa, Tela na nishi yana cewa shi dai an cuce shi da aka ƙirƙiro abinci mai daɗi. Ya ɗauke wata kwalbar ruwa da wani ya yar a hanya. Ya mayar da ƙananan ƙarafa biyu da ba shi ya ɗauko su ba. Duk Dogo na kallonsa ta madubin bango, yana jin kamar ana zuba masa garwashi a ƙirji.

Da a ce mugu ne, da abin ya zo da sauƙi.

Can Koci ya gaji. Ya zo ya tsaya a kan Dogo, hannu a ƙugu.

"Dogo, benci ne wannan ko kujerar mai shayi?"

"Hutawa nake."

"Hutun nan naka ya isa mutum ya yi wanka ya canza kaya. Ga mutane na jira. Tun yaushe ka zama haka? Kai ne fa kake koya wa sababbi yadda ake zama da jama'a a nan."

Dogo ya miƙe a fusace. Ya bar manyan faifan ƙarfen a jikin sandar yadda suke. A kan baƙar ledar bencin kuwa ga shatin bayansa nan, gumi sharkaf, tun daga wuya har ƙugu, yana ƙyalli.

Koci ya nuna da yatsa.

"Wannan fa? Wa ka bar wa?"

"Mai so ya goge."

"Dogo!"

Mai Tabarau ya ɗaga hannu.

"Bar shi, Koci. Abu kaɗan ne."

Ya ɗauko robar fesawa da tsumma, ya fesa, ya sunkuya yana gogewa a natse, har gefe-gefen da kai ke kwanciya. Ko tsaki bai yi ba.

Wannan shirun ne ya ƙarasa Dogo. Maganar ta fito tun kafin ya tauna ta.

"Ai ka saba. Aikinka ke nan, wani ya tashi ya bari kai ka zo ka ɗauka."

Kowa ya juyo yana kallonsu. Sai ƙarar injin gudu kawai. Tela ya dafe kai yana salati ƙasa-ƙasa.

Hannun Mai Tabarau ya tsaya a kan tsumman. Ya ɗago ya dubi Dogo ta saman gilashinsa, kallon da ya ɗan daɗe. Sannan ya ninke tsumman ya mayar inda yake.

"Benci na kowa ne, ɗan'uwa."

Ya kwanta. Bai rage ko faifai ɗaya daga abin da Dogo ya bari ba. Ya ce wa Koci ya tsaya masa, ya yi bismillah ya ciro sandar. Ta sauka, ta hau. Ta sauka, ta hau. Kamar mai ɗaga tsintsiya. Da ya gama ya ajiye ta a hankali, ko ƙara ba ta yi ba.

Wani daga kan keke ya yi tafi.

"Kai! Mai kemis, ashe ƙarfi ba a tsawo yake ba!"

Aka kwashe da dariya.

Mai Tabarau ya tashi, ya goge bencin da tawul ɗinsa, ya juyo.

"Na sauka. In za ka hau, bismillah. In rage maka ne ko in bar shi haka?"

In rage maka.

Dogo ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Ya nufi inda ake jera faifai, ya ɗauko manya biyu, ya zura ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sandar har ta ɗan lanƙwasa.

Tela ya taso da sauri.

"Kai, kai, kai! Ka taɓa ɗaga wannan?"

"Yau zan fara."

"Dogo, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bari Koci ya zo."

Koci kuwa ya riga ya tafi can ƙarshen ɗakin, wani sabon zuwa ya maƙale a injin ƙafa yana kiransa.

Mai Tabarau ya ce, "Bari in tsaya maka."

"Kar ka kuskura ka tsaya a kaina."

"Nauyin nan ba a ɗaga shi ba mai tsaro."

"Na ce ka matsa!"

Ya matsa. Taku biyu kawai.

Dogo ya kwanta, ya damƙi sandar, ya cije leɓe. Ya ciro ta. Hannayensa suka hau rawa tun ba a je ko'ina ba. Ya sauke ta zuwa ƙirji, ya tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya tura.

Ta ɗago kaɗan.

Ta tsaya.

Sai ta fara dawowa.

Ta zauna masa a ƙirji kamar an ɗora masa mota, ta fara gangarowa wajen wuya. Ya buɗe baki, numfashi ya ƙi fita. Fitilun rufin suka rabu biyu a idonsa. Yana jin Tela na ihu, "Koci! Jama'a! Zai mutu!" yana jan gefe ɗaya, abin da ya ƙara karkato nauyin.

"Tela, saki! Saki na ce!"

Hannaye biyu suka shigo ta saman kansa suka kama sandar ta tsakiya.

"Tura tare da ni. Tura! Kar ka saki, tura!"

Wani abu ya faɗo wa Dogo a fuska ya gangara ƙasa. Sandar ta ɗaga, ta ɗaga, ta faɗa maƙalarta, ƙwal!

Iska ta shiga ƙirjinsa da zafi. Ya mirgino gefe yana tari. Abin da ya fara gani a ƙasa tabarau ne, gilashi ɗaya ya tsage, Tela ya taka shi garin kiciniya.

Koci ya iso yana haki.

"Ka ga irin ta ko? Ka ga irin ta? In ka mutu a nan me zan ce wa 'yan'uwanka? Daga yau in na sake ganin ka ɗaga nauyi ba mai tsaro, ko ka tashi ka bar wa mutane gumi, wallahi ka nemi wani wurin. Ka ma gode wa mutumin nan."

Dogo ya miƙe yana layi. Bai dubi kowa ba. Ya ja jakarsa ya shige ɗakin canza kaya.

Ya zauna a kan dogon katakon da ke tsakanin akwatunan ajiya, ya kifa kai. Ƙirjinsa na zafi, amma ba zafin ƙarfen ne ya fi damunsa ba. Duk mutanen duniya a rasa wanda zai cece shi sai wannan?

Ƙofa ta buɗe, ta rufe.

Aka ajiye masa kwalbar ruwa a gefe.

"Ka sha. Kuma in ka fita ka biya a duba ƙirjin nan, kar ka ce ba komai."

"Ban tambaye ka ba."

"Na sani."

"Kuma kar ka jira godiya."

"Ba ita ta kawo ni ba, Abban Mamana."

Dogo ya ɗago a hankali.

Ba tabarau, idanun mutumin sun yi ƙanana, sun yi ja. Ya jingina da akwatunan yana riƙe da fasasshen gilashin.

"Me ka ce?"

"Ka ji ni."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin in taka ƙafata a nan. Kana ganin duk wuraren motsa jikin da ke kusa da gidana ban gan su ba, sai na tsallako gari na zo wannan?"

Dogo ya miƙe tsaye. Ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

"Wato zuwa ka yi ka yi min dariya. Ka ɗauke matata, ka ɗauke 'yata, ka biyo ni inda nake samun sauƙi ka ɗauke min mutane."

"Matarka ban ɗauke ta ba, a gidan iyayenta na same ta. Kai ka san wanda ya kai ta can."

"Kar ka..."

"Ka yi min magana a gaban jama'a na haɗiye. Nan mu biyu ne, ka bar ni in faɗi tawa."

Muryarsa ba ta tashi ba, amma ta canza. Dogo ya tsaya.

"Na kira ka, ka toshe lambata. Na je shagonka, yaranka suka ce ba ka nan, alhali ga babur ɗinka a ƙofa. Na je wajen Yayarka, ta ce ita ta gaji da yi maka magana. Ita ta ce in ina son ganinka in zo nan. Na zo. Kullum in yi maka sallama ka juya min ƙeya. Na ce bari in bi a hankali, wataƙila wata rana mu yi karɓa-karɓa a benci, magana ta shiga."

"Wace magana ce tsakanina da kai?"

"Yarinya."

"Kar ka sake kiranta Mamana a gabana. Uwata ce. Sunan uwata ne."

"Na sani. Uwarta ta so a canza mata, ta ce sunan na tuna mata da kai. Ni na hana. Na ce da shi ubanta yake kiranta, da shi za ta tashi."

Dogo ya ja da baya. Ya koma ya zauna.

Mai Tabarau ya sauke numfashi.

"Kana ganin kai kaɗai ne kake jin abin da kake ji? Ni kullum sai na kalli fuskarka a gidana. Hancinka, tsayinka, har yadda kake ɗaure fuska in an ɓata maka. In ta yi fushi uwarta ta ce, ga halin uban nan. Kana tsammanin daɗi nake ji? Ina ganin ka ina jin kamar in juya in tafi. Amma yarinya ba ta yi wa kowa laifi ba."

Daga waje ana jin ƙarar ƙarafa da muryar Koci yana ƙirga wa wani.

Dogo ya ce, murya a dishe, "Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ta shiga makaranta. Ta iya rubuta sunanta, sai dai harafi ɗaya kullum a juye yake fitowa."

Dogo ya kau da kai da sauri, ya goge ido da bayan hannu kamar gumi ne.

"To me kake so da ni?"

Mai Tabarau ya juya gilashin a hannunsa.

"Na samu aiki a ƙasar waje. Da iyali za mu tafi."

Kwalbar ruwan ta faɗi ta gangara ƙarƙashin katako.

"Da wa?"

"Da su duka."

"Ƙarya kake! Ba inda za a kai min 'ya!"

"Uwarta cewa ta yi kar a gaya maka. Ta ce uban da ya fi shekara bai leƙo ba, ba zai ma lura an tafi ba. Mun yi faɗa a kan haka, faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce ni ba zan tsallaka da 'yar mutum ba ubanta bai sani ba. Ko benci ba na hawa sai na tambayi wanda na tarar a kai, balle ɗiya."

Dogo ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da akwatunan. Ƙarfen ya yi ƙara.

"Yaushe?"

"Ƙarshen watan nan."

"Shi ne sai yau kake gaya min?"

"Yau ka fara yi min magana."

Dogo ya sake shi.

Mai Tabarau ya gyara rigarsa, ya leƙa wayarsa yana matso da ita kusa da ido.

"Motata na wajen bakanike. Na ce uwarta ta biyo da ita su ɗauke ni a tata motar. Ita ba ta san a nan kake zuwa ba, da ta sani ba za ta zo ba." Ya mayar da wayar aljihu. "Sun iso. Suna waje."

Dogo ya juya ya dubi ƙofa.

"Mamana na waje?"

"Ka wanke fuskarka. Ka sa riga mai kyau. Kar ta gan ka haka."

Bai san yadda aka yi ya wanke fuskar ba. Bai san ya sa rigar a bai-bai ba sai da Tela ya tare shi a hanya yana tambayar ko lafiya, ya ture shi ya wuce. Ya tsinci kansa a bakin ƙofar gidan, rana na dukan idonsa.

Wata ƙaramar mota ruwan toka na tsaye a ƙarƙashin bishiya, gilasanta a rufe. Ƙofar baya ta buɗe. Wasu 'yan ƙafafu suka diro, igiyar takalmi ɗaya na jan ƙasa.

Ta yi tsawo. Ya Allah, ta yi tsawo.

Ta taho da gudu, kitsonta na tsalle.

Dogo ya zube a kan gwiwoyinsa, ya buɗe hannaye biyu.

"Mamana..."

Yarinyar ta ja birki a gabansa. Ta dubi gemunsa, ta dubi manyan hannayen da ya buɗe. Sai ta ɗan durƙusa, yadda aka koya mata.

"Ina kwana, Kawu."

Ta zagaye shi ta ruƙunƙume ƙafar Mai Tabarau, ta leƙo da ido ɗaya.

"Abba, wane ne wannan? Ya aka yi ya san sunana?"

Kafin wani ya buɗe baki, ƙofar direba ta buɗe.